Motar Hajiya Uwani Ta Daina Shan Mai

A duk makanikan Mando babu mai cika baki kamar Bello, kuma babu wanda ya kai shi ƙarancin sani. Jarinsa a sana'ar biyu ne: guduma, da kasancewarsa ƙanin Hajiya Uwani mai kamfanin ruwan leda. Ita ta kafa doka cewa motocinta babu mai taɓa su sai shi. Mota ta yi tari, Bello ya kwaɗa mata guduma. 'Yar fitilar nan ta gaban direba ta kunnu tana gargaɗin inji ba lafiya, Bello ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya kakkaɓe hannu ya ce aiki ya kammala.

Wanda ya kwashi kashinsa a hannu da irin wannan gyara shi ne Sambo direba. Bazamfare ne, shekara tara yana jan a-kori-kurar Hajiya, yana raba ruwa daga Mando har Kinkinau. Ba shi da gida a Kaduna, ba shi da fili. Abin da ya mallaka kawai shi ne shaidar da ake yi masa cewa ba ya taɓa kayan mutane. To tun bayan ƙaramar Sallah motar ta shiga zuƙar mai ba ji ba gani. Tankin da ke kai shi kwana huɗu ya koma kwana biyu da rabi, salansa kuwa sai tuttuɗo baƙin hayaƙi take yi.

Hajiya ta kira shi a tsakar kamfani, a gaban ma'aikata, don ita ba ta san a ja mutum gefe ba.

"Sambo, motar ce ke shan man nan ko kai ne?"

"Hajiya, aradu ban taɓa ɗibar ko cokali ba. Motag ga ba ta da lahiya."

Bello, wanda ba a tambaye shi ba, ya karkace baki. "Yaya, lafiyarta lau. Injin nan na san shi kamar yunwar cikina. A dai bincika masu tiyo da jarka."

"Na ba ka mako biyu," in ji Hajiya. "In mai bai dawo daidai ba, ka ajiye mini makullina."

Korar ba ta dami Sambo kamar kashin kajin da aka shafa masa ba, kuma wai daga bakin mutumin da ba ya iya ɗaure noti sai ya cinye masa zare.

Ran Laraba ya sauke kaya da wuri, ya karya dokar Hajiya, ya nufi Kurmin Mashi wajen Malam Garba, wani dattijon makanike marar yawan magana. Malam Garba ya jona na'urarsa ta gano ciwon mota a ƙasan sitiyari, ya duba. Sannan ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin, fitila ta bayyana tana ci abinta.

"Wane gwanin ne ya yi wannan?"

"Ƙanin mai motar."

"Allah ya kyauta. An rufe wa marar lafiya baki an ce ya warke."

Ya bari salansa ta huce, ya shiga ƙarƙashin mota, ya zare soket, ya fesa man sassauta tsatsa, ya kwance wani ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, mai jelar waya. Kan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya.

"Wannan shi ne sensa," in ji shi. "Aikinsa sansanar hayaƙi, ya faɗa wa ƙwaƙwalwar mota ko iska ta yi yawa ko mai ya yi yawa. In ya toshe sai ya riƙa yi mata ƙarya, ita kuwa ta yi ta antaya mai. Ga ɓarawonku nan."

Bai kankare shi da buroshin ƙarfe ba, bai ƙona shi da wuta kamar fulogi ba. Gwangwani ya samu ya zuba fetur, ya tsoma kan kawai, bai bar wayar ta jiƙe ba. Suka yi Azahar, suka yi La'asar, fetur ya koma kamar ruwan kwata. Ya tsame shi, ya bar shi ya bushe sarai, ya mayar a hankali. Ya canza matatar iska, wadda ta cushe tun ba yau ba.

"Wanki jinkiri ne, wata rana sai an sa sabo. Ka guji man bumburutu, kuma in fitila ta kunnu a saurare ta."

Mota ta sake lale. Hayaƙi ya ɗauke, tanki ya koma kwana huɗu har da ɗoriya. Sambo ya riƙa tuƙi yana murmushi shi kaɗai, yana jiran ranar da za a wanke shi a gaban waɗanda aka kunyata shi.

Ranar ta zo. Hajiya ta sake tara mutane, tana kaɗa ƙafa.

"Kun gani ko? Tsawa ɗaya na yi, mota ta warke ba magani. Bello, ka taɓa ta?"

"Ko kallonta ban yi ba, Yaya."

"To ashe mai hannu ne ya janye hannunsa."

Sambo ya matso gaba. Ya fayyace komai: Kurmin Mashi, Malam Garba, salatif, sensa da gwangwanin fetur. Bello ya tuntsire da dariya har yana dafa bango.

"Jama'a ku ji! Wai ɗan ƙarfe kamar yatsa aka yi wa wanka ya daina shan jarka-jarkar mai. Shekarata ashirin a aikin nan ban taɓa jin tatsuniya irin wannan ba."

Da gaskiyarsa, bai taɓa ji ba. Abin takaicin shi ne jahilcin nasa ya zama hujja.

"Hajiya, a kira Malam Garba, shi hwaɗi da bakinai," in ji Sambo.

"In kira wanda kuka haɗa baki? In gaskiya ka faɗa, ka kai motata hannun bare ba da izinina ba. In ƙarya ce, ka san sauran." Ta gyara mayafi, ta sassauta murya irin ta masu son a ce suna da tausayi. "Ba zan kore ka ba, saboda iyalinka. Allah na karɓar tuba. Je ka yi lodi."

Ya juya ya nufi sito. Kaltume mai kula da sito tana bakin ƙofa. Shekara tara ya saba shiga ya loda abinsa tana can tana hira, sai dai ya faɗa mata adadi ta gyaɗa kai. Yau ta taso ta tsaya a gindin mota, ta kawar da ido daga fuskarsa.

"Dakata, Malam Sambo," ta ce a hankali. "Ɗaya bayan ɗaya, in ƙirga."