Tabarau a Kan Goshi

Maƙwabcina mai gyaran agogo, tun da matarsa ta rasu ba mai zama a bencinsa. Wa ke kawo agogo yanzu, kowa da waya a aljihu? Ni ce ke leƙa shi ta taga, shi ma don ba ni da abin kallo ne.

Sai aka kawo wata sabuwar malama makarantar bayan layinmu. Wai yaranta sun ƙi rubutu, ta ce kowa ya je ya ƙare wa wani mutum kallo, ya rubuto layi huɗu masu ban dariya. Wa za su samu zaune wuri ɗaya in ba shi ba? Ana tashi daga makaranta suka yanyame shagonsa da fensir. Washegari layinmu duk ya ɗauki waƙar:

Baba mai gyaran agogo,
Tabaraunsa na kan goshi,
Ya duba har ƙarƙashin gado,
Ya ce kyanwa ta sace shi.

"'Yan banza!" in ji shi, yana kaɗa musu tsintsiya. Amma fa na gan shi yana goge bencin kafin a tashi. Har gyara musu yake: "Kai, haka ake rubuta agogo? Kawo nan."

Ana haka 'yarsa ta zo ganinsa daga nesa, kwana biyu kacal. Ta ji waƙar, ta yafa gyale sai ofishin hedimasta, wai an mai da ubanta abin wasa. Aka ja wa malama kunne, aka ce yara su koma rubutu a kan amfanin ruwa. 'Yar tasa kuwa ta hau mota ta tafi abinta.

Shago ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin agogunan da masu su suka manta.

Rannan na ga ya fito da rigarsa a bai-bai, takalmi ƙafa ɗaya, silifa ƙafa ɗaya, tabarau biyu a goshi. Ya zauna bakin ƙofa yana jira. Yara suka taso, suka rusuna.

"Ina wuni, Baba."

Suka wuce sumul, ba wanda ya ko murmusa.

Ya ɗago kai wajen tagata. "Iya, ba su gani ba ne?"

"Sun gani," na ce. "An hana su ne."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Can ya cire silifar ya ajiye a kan bencin, ya ja agogo ɗaya yana kwancewa. Ina jin shi a hankali yana cewa kyanwa ta sace shi.