Wayar da ke Jikin Gogen Sada

"Ka cire wayar nan, ni kuma in yafe maka," in ji Badaru.

Ina bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu, ni da Talatu matar Sada, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara goma sha wani abu. Sada na kwance, ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. Badaru wansa ne, shi ke shugabantar makaɗan Gwaram, ya biyo motar kasuwa zuwa Birnin Kudu da jin jiki ya yi tsanani.

Rigimar tasu tsohuwa ce. A shekarar da motoci suka koma hannun dama, Sada ya huda ƙoƙon gogen ubansu ya liƙa masa waya, ya haɗa da lasifika da batirin mota. Wani Edward mai aikin asibiti yana kaɗa jita irin ta faifan Turawa, Sada kuma yana bi da taken noma. Ranar farko na ɗauka injin niƙa ne ya lalace. Kafin wata biyu kuwa, da kiɗan nake daka. Samari suka yi caa wurin kallo, makaɗa suka daina gaishe shi, Badaru ya rantse ba zai taka gidan ba.

To ga shi ya taka. Ya ce ba ya son ƙaninsa ya tafi da haƙƙin uba a wuya. Talatu na ta share hawaye tana roƙon mijin ya bari a cire, waya ce fa kawai.

Sada ya sa aka jingina shi da bango. Ya nemi gafarar akuyar da ya sayar suna yara, da zagin da ya yi ranar rabon gado, bai bar ko ɗaya ba.

"Zancen wayar nan kam, Yaya, ba laifi ba ne. Baba ya yi wa gona ɗaya kiɗa, ni na yi wa gari. Ba zan nemi gafarar abin da in na tashi gobe zan ƙara ba."

Badaru ya ce taurin kan nan ko a kabari. Sada ya ce a gida ya koya. Wan ya saka takalmi ya fita.

Washegari da hantsi Sada ya cika. Badaru ne ya yi masa wanka, kuma Talatu ta ce ta ji shi ta labule yana cewa ya yafe, sau biyu, kamar mai faɗa.

Bayan sadakar uku Badaru ya zo ɗaukar gogen. Ya zaro wuƙar aljihu, Edward na tsaye a zaure. Badaru ya daɗe yana duban hudar. Sai ya goge wuƙar a hannun riga ya mayar, ya naɗe wayar a wuyan gogen, a hankali, yadda ake naɗa rawani.

Ya nufi tasha da shi a hammata, bakin wayar na lilo ta ƙasan rigarsa.