Takabar da ta ƙi ƙarewa

Da Gado ya rasu a Jiratawa, matarsa Rahmatu ta shiga takaba. Al'adarta ta ɗauke, ciki ya fara tasowa. Uwar mijin, Tsahara, har guɗa ta yi: ɗanta ya bar baya.

To, mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Wata tara ya wuce, shiru. Shekara ta zagayo, shiru. Tsofaffi suka ce kwantacce ne, yaron barci yake, zai tashi. Wannan yaro kuwa ya iya barci! An sha rubutu, an kai kaza wurin masu bori a Tsibiri, ko motsi bai yi ba.

Ita kuwa Rahmatu sai lalacewa take. Murya ta dushe, gashi na zuba, tana rawar sanyi a tsakiyar bazara. Ba kitso, ba lalle, ba mai ikon cewa yana son ta. Ni abin ya ba ni haushi, don kowa cikin yake gaisarwa, ba mai tambayar mai ɗauke da shi.

Wanta Tanimu ne ya gaji. Lokacin cinikin gyaɗa ya ɗora ta a mota sai Maraɗi, Tsahara ta biyo su tana faɗa.

A asibiti wani likita Bature ya ƙwanƙwasa cikin, ya shafa wuyanta, ya yi magana da tafinta.

"Ya ce babu ɗa, ruwa ne," in ji tafintan. "Akwai wani abu a gaban wuya mai ba jiki ƙarfi. Nata ya yi rauni, shi ya tara ruwan. Za ta riƙa shan ƙwaya kullum."

"Ƙarya shikai!" in ji Tsahara. "Mi ya haɗa wuya da ciki?"

Rahmatu dai ta sha. Kafin damina cikin ya saɓe, murya ta washe, al'ada ta dawo. Ranar ta yi kukan daɗi a bayan ɗaki, kunya ta hana ta faɗa.

Tsahara ta gane da kanta. Ta wuni a ɗaki tana kukan Gado kamar yau ya mutu. Da la'asar ta fito, ta kira mai kitso ta unguwa.

"Zamna a yi miki, ɗiyata," ta ce wa Rahmatu. "Na tsare ki don jikan da babu. Ki yahe mani."