Auta, Kar Ka Motsa

Jama'ata, masu bina da masu leƙe a ɓoye ba gaisuwa, duk ina gaishe ku. Ku sa waya a caji ku gyara zama. Yau labarin wani mai walda na kawo muku, dattijo da furfurarsa, wanda kishi ya hana shi cin abinci.

Guntu ake ce masa. Shi ne na tsakiya a gidansu, Yaya Babba, mace, a samansa, Auta a ƙasansa. Kun dai san na tsakiya: ba a yi ɗokin zuwansa ba, ba a kuma samu lokacin shagwaɓa shi ba.

Gidan nasu tun asali gidan tsuntsaye ne. Kakansu da tarko yake kama su ya kai kasuwa. Babansu kuwa, mai gyaran rediyo, ya tashi ya ce shi ba zai sa mai rai a keji ba. Da ya samu wata tsohuwar kyamara mai cin kaset, irin mai nauyin bulo ɗin nan, sai ya koma kama tsuntsu da ita. Duk ranar da bai buɗe shago ba, yana bakin tafkin bayan gari. Ba ya ɗaukar taro, ba ya ɗaukar mutane. Mama ta yi mita har Allah ya yi mata rasuwa: "Ƙadangare yana da fim a gidan nan, ni ba ni da shi."

To ƙafafun nan uku da ake ɗora kyamara a kai, Baba bai taɓa mallaka ba. Abin da yake da shi ɗa ne gajere mai faɗin kafaɗa. Guntu zai tsaya a gabansa, Baba ya sunkuya ya ɗora masa kyamarar a kafaɗar dama, ya manna ido. Doka kuwa ba tari, ba susa, numfashi ma ta hanci a hankali. Da ya ɗan yi tsawo sai ya koma durƙuso. Haka ya yi yarintarsa kaf. Auta shi ma ana zuwa da shi, don in an bar shi a gida kuka zai cika unguwa, amma aikinsa ɗaya ne: kora tsuntsayen da ake son ɗauka.

Shekaru suka ja. Baba ya tsufa, ido ya yi hazo, tunani kuma yau yana nan gobe ya tafi yawo. Sai 'yar Guntu, wadda ake wa laƙabi da Injiniya saboda gyaran waya take yi, ta tono kwalin kaset a ƙarƙashin gadon kakanta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta juye a kwamfuta. Ranar hutu aka tara dangi a falon gida, jikoki a ƙasa, manya a kujeru, Baba a kujerarsa ta kusa da taga.

Guntu ya zo da wuri, har da sabuwar riga. A ransa yau za a san wanda ya ɗauki nauyin tarihin gidan nan.

Aka kunna. Belbelu farare fat a bakin ruwa. Sai ga muryar Baba, sabuwa garau, cikin raɗa:

"Auta, kar ka motsa."

Aka yi dariya. Kaset na biyu, kurciya tana ba 'ya'yanta abinci. "Auta, yi shiru." Na uku: "Auta, dawo nan, don Allah dawo nan." Sai ga Auta ya ratsa hoton da gudu, ɗan gajeren wando ya zame rabi, belbelu suka watse. Falo ya kaure.

"Kai! Ashe Kawu Auta ne yaron Baba!" in ji wani jika.

Auta, wanda yanzu kayan mota yake sayarwa, ya shafa tumbinsa ya yi ajiyar zuciya. "To ya za a yi? An sha rana, yara. An sha rana."

Guntu ya juya ya kalle shi. An sha rana? Kai da kake kwana a inuwa da burodi a hannu?

Sai aka zo kan zalɓe. Tsuntsun ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin ruwa kamar an dasa shi, ya daɗe, ya daɗe, can sai caraf, ya ɗago da kifi. Hoton ko gezau. Guntu ya tuna ranar sarai, don ranar a kan ramin cinnaku ya durƙusa. Sun hau ƙafarsa, sun shige wando, sun yi abin da suka ga dama, hawaye na zuba amma kafaɗa ba ta motsa ba.

"Ikon Allah," in ji matar Auta. "Hannun Baba ba ya rawa ko kaɗan."

"Kafaɗata ce."

Kowa ya waiwayo.

"Na ce kafaɗata ce. A kaina kyamarar take."

Auta ya karkata kai, da murmushin nan nasa na sayar wa mutum tsohuwar taya a matsayin sabuwa. "A wane kaset ka fito, Yaya? A nemo mana mu gani."

"Ta yaya zan fito? Wanda kyamara ke kansa yana fitowa ne?"

"To ai shi ke nan."

Aka sake fashewa da dariya. Guntu ya juya wajen Yaya Babba neman shaida, ta ɗaga hannu biyu. "Ni kar ku sa ni a ciki. Ina gida ina wanke muku kaya. Ga mai abin nan a zaune, ku tambaye shi."

Guntu ya durƙusa kusa da kujerar. "Baba, wa yake riƙe maka kyamara?"

Idon Baba na kan hoton. "Duk kun taimaka," ya ce. Sai ya yi 'yar dariya. "Auta dai ya sha faɗa."

Ranar Guntu bai taɓa abinci ba.

Ya sa Injiniya ta tura masa kasakasan duka a waya. A shago, da ya ajiye abin walda sai ya toshe kunne yana saurare, ko a wani lungu Baba ya ce "Guntu". Ko sau ɗaya. Ko da kuskure. Babu. Akwai Auta, akwai kukan kwaɗi, akwai wani mai keke da ya wuce Baba ya ce masa sannu. Mai keke ma ya samu! A guruf ɗin dangi na waya kuwa an yanko inda Auta ke gudu da wando a zame, kowa na turawa da alamar zuciya. Guntu ya riƙa kallon abin yana liƙa ƙofar wani kwastoma, sai da ya gama ya ga ya manna mariƙin a juye.

Matarsa ta ce, "Wai kai da jika a hanya kake kishi da ƙaninka a kan kukan tsuntsu?"

"Ba kishi ba ne."

"To mene ne?"

Ya juya mata baya. Amma abin a fili yake: tsohon nan tafiya yake yi a hankali. In ya tafi, kaset ne zai rage. A cikin kaset kuwa Baba yana da ɗa guda ɗaya, sunansa Auta.

Sai dabara ta faɗo masa. Baba ba ya kiran sunan kowa sai wanda ya motsa. To shi ma zai motsa.

"Injiniya, kyamarar nan tana tashi?"

"Batir ya mutu tun kafin a haife ni, Abba. Amma zan iya yi mata jone da wani batir. Akwai kaset ɗaya da ba a taɓa ba."

"Yi mata. Kuma kar ki faɗa wa kowa."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Hoton kyamarar kawai ta ɗora a guruf, ta rubuta gobe sai tafki.

Da safe suka ɗauki Baba da kujerarsa a bayan mota zuwa tafki. Rabin tafkin gidaje sun cinye, ledoji sun cinye rabin rabin, amma akwai ruwa, akwai kuma zalɓe ɗaya can gefe. Baba na ganin ruwan ya miƙe zaune kamar an cire masa shekara ashirin. Guntu bai gama gyara masa kujera ba sai ga ƙarar hon. Auta ne, da doguwar jaka a hannu.

"Baba, na kawo maka tsaraba!" Ya zuge jaka, ya fito da ƙafafun kyamara sabbi dal, suna ƙyalli. "An daina wahalar da mutane. Yaya, ka huta, gwiwarka ba ta yarinta ba ce."

Jama'a, ku dubi rashin imani. Kafaɗar da aka ce ba a yarda da ita ba, ita ce yau aka sayo wa magaji.

"Kawo in duba," in ji Guntu. "Ƙarfe aikina ne."

Ya juya abin, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki. Da ya miƙa wa Auta, wani ɗan noti ya riga ya koma aljihunsa. Auta ya kafa ƙafafun, ya saki, ƙafa ɗaya ta zube kamar ta ɗan maraƙi.

"Kayan yanzu," Guntu ya ce yana girgiza kai. "Allah ya kyauta."

Injiniya ta kalli aljihun ubanta, ta kalli sama.

Guntu ya durƙusa a gaban kujerar. Gwiwa ta yi ƙara, baya ya yi ƙara. Baba ya ɗora masa kyamarar a kafaɗar dama, daidai inda take zama, bai ko lalube ba. Jan hasken ɗauka ya kama. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Guntu ya ji numfashin tsohon a bayan kunnensa, da ƙamshin man zafin da yake shafawa, sai jikinsa ya ƙame da kansa kamar da. Sai da ya tuna wa kansa abin da ya kawo shi.

Ya ɗan ɗaga kafaɗa. Kaɗan.

"Auta, kar ka motsa," in ji Baba cikin raɗa.

Auta, da ke can jingine da mota yana neman noti a cikin jaka, ya ɗago. "Baba ni fa ina nan!"

"To yi shiru."

Guntu ya rufe ido. Wato ko laifin ma ba za a bar masa ba. Ya sake motsawa, wannan karon har da tari.

"Auta!"

Zalɓe ya miƙa wuya, ya saita baki kan ruwa. Baba ya ɗauke numfashi. Daidai nan Guntu ya girgiza kafaɗa kamar mai korar ƙuda, ya yi atishawar ƙarya wadda ta tashi kare a tsallaken tafki. Zalɓe ya buɗe fiffike ya yi gaba abinsa.

Baba ya cire ido daga kyamara. Ya dubi ƙeyar da ke gabansa, ya daɗe yana dubanta. Sai ya dunƙule hannu ya sakar mata ranƙwashi, ƙwas!

"Guntu! Kai ne? Kai ne, Guntu? Tun kana ɗan mitsitsi kana nan kamar kututture, sai yau da furfura a kanka za ka zama shashasha? Ka kore min tsuntsu, Guntu! Sakarai kawai!"

Wayyo daɗi. Guntu na durƙushe, ƙeya na zafi, baki har kunne. Sunansa ne ke fita daga bakin tsohon nan, a jere a jere, jan haske kuma na kunne.

"Dariya ma kake? Tashi ka ba ni wuri. Ka lalace. Auta! Zo nan ka durƙusa."

Dariyar ta tsaya cak.

"Baba, ai na daina. Wallahi na daina."

"Na ce tashi."

Ya tashi. Auta ya taho yana naɗe ƙafar wando, yana waige ko akwai mai ɗaukarsa a waya. Ya durƙusa da ƙyar, tumbi a gaba. Baba ya ɗora masa kyamarar.

Injiniya ta matso kusa da ubanta ta yi ƙasa da murya. "Ya ɗauka, Abba. Tas. Har da shashashan, har da sakaran. In yanke su?"

"Kar ki taɓa komai."

"To ai ka samu abin da kake so. Yi murmushi mana."

Bai ji ta ba. Idonsa na kan kafaɗar Auta. Wata belbela ta sauka a bakin ruwa, Baba ya manna ido, hannunsa na hagu ya sauka a wuyan Auta ya dafa, yadda yake dafa na Guntu tun yana yaro. Kyamarar sai rawa take kamar tana kan injin niƙa.

"Ba nan ake ɗora ta ba," Guntu ya ce ta cikin haƙora. "Matso da ita wajen wuya. Dube shi, da baki yake numfashi."

"Auta, kar ka motsa," in ji Baba.

"Ina ƙoƙari, Baba."

Guntu ya sa hannu a aljihu ya matse notin nan har ya yi masa shaida a tafi. Kafaɗarsa ta dama sai wani sanyi-sanyi take yi.

To jama'a, ga ku ga Guntu. Da ku ne a durƙushe a wurin nan, zalɓe ya saita baki, tsoho na numfashi a bayan kunnenku, za ku ƙame ne ku riƙe wurinku ko za ku motsa a kira sunanku? Kuma don Allah 'yan auta ku bari na tsakiya su fara magana.