Gurbin Ranar Alhamis

…to ta ina ma za ta fara faɗa masa? Gurbi ya samu. Gurbi! Ummu Hani tana riƙe da biro a kan babban littafin da take raba ranakun tiyata, tana dariya ita kaɗai a ofis kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Shekara bakwai tana wannan aiki a asibitin koyar da likitocin dabbobi, ba ta taɓa ganin wanda ya samu rana ya mayar ba. Ɗakin tiyata ɗaya. Dokta Kayode ɗaya. Dabba huɗu a mako, don ɗalibai sai sun tsaya sun gani, sun taɓa, sun yi tambaya… takardun da ƙananan asibitoci ke turowa kuwa ga su nan tari guda.

Ta Malam Arzika ce a sama. Manomin Gulma. Sansa na huɗa ya haɗiyi leda, ciki ya kumbura, ya daina tuƙa — likitan Argungu ya rubuto da jan biro, a buɗe shi da gaggawa. Gaggawa? Wa ke zuwa nan da abin da ba gaggawa ba? Larabar da ta wuce ya tsaya a bakin tagar nan, takarda a hannu. "Ɗiyata, duba mani da kyau, ruwa sun kusa." Ta duba. Ta sake dubawa don dai ya ga ta duba. Sai nan da mako uku, Baba. Da ma faɗa ya yi mata… godiya ya yi, ya juya.

Baƙin sansu na Zauro — tana 'yar shekara tara, babanta zaune a gindin turke yana shafa masa wuya, ba likita, ba takarda, sai mahauci da ya zo yana wasa wuƙa… a'a. Ba yau ba. Yau ranar murna ce.

Maman Mmesoma! Wato Ozioma mai shagon atamfa a kasuwar Birnin Kebbi. Alhamis ɗin nan tata ce, karenta mai ƙari a cinya, wata biyu tana jira, kullum sai ta kira ta tuna mata. Ashe ran nan tana zaune a benci, ta ji komai. Ɗazu ta shigo, ko zama ba ta yi ba. "Anti, Dokta ya ce ƙarin nan ba ya sauri. Ki ba tsohon nan ranata. Kare ba ya noma." Kare ba ya noma! Ta faɗa ta fice, wai ta bar shago a buɗe… ko sunansa ba ta tambaya ba. Wace irin mata ce wannan? Dokta ma da ya ji, sai da ya cire tabarau ya yi dariya, sannan ya sa hannu.

A soke, a rubuta. Alhamis, ƙarfe tara — sa, na Arzika, Gulma. Kai, rubutun ya yi kyau! Ɗalibai za su ga yadda ake zaro leda daga tumbi, masu toshe hanci su toshe. Mota fa? Zai samu a-kori-kura, mutanen Gulma ba za su bar shi ba. Sauran takardun suna kallonta, raƙumar Tamba, tunkiyar Laure… ku yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya, yau dai ɗaya ya shiga.

Lambar Malam Arzika na bayan takardarsa. Tana dannawa, yatsa ya kuskure, ta sake. Tana shiga… za ta ce, Baba, albishirinka! A'a, gaisuwa tukuna, ina gajiya, ina iyali. Tana shiga. Kwana biyar ke nan — san da ba ya ci, kwana biyar, ita kuwa ba ta tambayi kowa ba ko har yanzu…

An ɗauka. Iska, kukan kaji, can daga baya kukan sa, dogo, mai ƙarfi. Nasa ne? Na maƙwabta? Ta ƙara manna wayar a kunne, ta yi sallama.