Ɓular da Ke Rufin Muhyiddeen

"Ƙasimu, in ka taɓa rufin nan ban yafe ba!"

Muryar daga ɗaki ta fito, a shaƙe, amma da kaifinta. Na shigo duba maƙwabcinmu Malam Muhyiddeen ke nan, na tarar da ƙaninsa a kan tsani, riƙe da guduma da guntun kwano.

"Yaya, jiya an yi ruwa a Utai. Gobe ya zubo wa mara lafiya, a ce ba ka da dangi?"

"A ce. Sauko."

Shekara ashirin Malam Muhyiddeen ya yi yana ɗaukar hoton amare da fasfo na ɗaliban jami'a a nan Sabon Gari. Bara, cikin damina, ya hau rufin ɗakinsa ya ɓula da kansa. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya zuba musu siminti don kada su motsa. Kullum ƙarfe goma daidai na hantsi, sai ya ɗauki ɗigon ranar da ke faɗowa a daɓe, ɗan mitsitsi kamar kwabo. Ya ce mini in shekara ta cika aka jera hotunan suka zama bidiyo, za a ga ɗigon yana rarrafe, ya zana siffar lamba takwas, ya koma inda ya taso. Ranar da ya faɗa mini haka, na kasa karatu. Na yini ina jin duniya na juyawa a ƙarƙashin ƙafata.

Matarsa Rahinatu kuwa ba ta taɓa yi masa kara ba. Ta dube ni.

"Ikilima, kin ga ta kaina? Mai hoto na aura, ashe maigadin rana ne. Damina guda ina kwasar bokiti!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. Duk da haka in goma ta gabato, ita ce ke tallafo shi zuwa kyamarar, tana mita.

Ya rasu ranar Talata bayan azahar, saura kwana ashirin da shida shekarar ta cika. Na yi kuka kamar ubana ne.

Washegarin sadakar uku Ƙasimu ya dawo da tsaninsa, da saƙon dangi: Rahinatu ta koma gidansu na Dagumawa, a kwashe ɗakin, a toshe rufin. Ba mugu ba ne. Idanunsa ma a kumbure suke.

Ta fito bakin ƙofa cikin hijabin da ya koɗe.

"Ƙasimu, a ina mace ke takaba?"

Ya gyara riƙon tsanin.

"Da kai nake. Ko malamai sun sauya ne ban ji ba?"

"A ɗakin mijinta."

"To wata huɗu da kwana goma ba inda za ni. Ka gaida su Baba."

"Na ji, Anti. Bari dai in toshe, kada ki kwana cikin ruwa. Ba ke ce kullum kike zaginsa a kan ɓular nan ba?"

"Ni ce. Mijina ne, zagin nawa ne. Kai a wa?"

"Kin ma iya kyamarar?"

"Wata goma sha ɗaya ina kallonsa yana dannawa. Ko jaki ne ya iya."

Ta juya ciki, na bi ta. Ta ɗaura agogon marigayin a hannu, ya yi mata yawa, yana zamewa. Goma saura minti uku. Gari a lumshe, daɓe ba komai.

Ta taga na ga Ƙasimu ya tsaya a gindin tsanin. Ya daɗe. Sai ya kwantar da shi a jikin katanga, ya ɗaga kai sama, yana kare ido da tafin hannu.

"Anti, ki shirya," ya ce a hankali. "Ga ta nan tana fitowa."

Ɗigon ya bayyana a gefen tabarma, fari-fari tukuna, sannan ya yi jawur. Rahinatu ta goge yatsanta a bakin hijabi, ta ɗora a kan maɓallin, tana kallon agogo.