Marin Angona

…kuma ba zafin marin ne ya dame ni ba. Wane zafi ne a hannun ɗan shekara biyar? Ko ƙuda bai isa ya kashe ba. Amma tun hantsi kuncin nan yake mini zugi, ga gyaɗa a faifai na kasa ɓare ko rabinta, sai juya ta nake yi.

Ni na tsokane shi. Wace kaka ce ba ta tsokanar jikanta? Cewa na yi, angona, yau ma ba cefane? To ni na gaji da auren nan, miji ko tumatir ɗaya ba ya kawowa. Ina jira ya ce mini tsohuwa mai jan haƙori, ya ruga bayan rumbu yana ƙyalƙyala dariya kamar bara. Sai Misbahu ya miƙe. Ya ɗaure fuska, ba irin ta wasa ba, ya tako har gabana.

Tas.

“Na ce ki rufe min baki. Ki ƙara ki gani.”

Ba muryarsa ba ce. Har yadda ya ciji leɓe, har yadda ya nuna ni da yatsa… Ubansa ne, Abdulƙahar ne tsaye a tsakar gidana, tsawo kawai aka rage masa.

Larai maƙwabciyata, da ta shigo aron rariya, har da tafa hannu, wai lallai ango ya iya riƙon gida. Ni ma fa na buɗe baki zan yi dariyar, Allah Ya yafe mini. Sai idona ya faɗa kan Safina, ƙanwarsa. Shekara uku. Ta shige bayan randa, ta tsuguna, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Ba kuka, ba kiran kowa. Wa ya koya mata? Yarinyar da ko ɗaurin zani ba ta iya ba, ta san inda ake ɓuya.

Ke kuma kina bakin murhu, ba ki waiwayo ba. Bayanki kawai na ga ya sandare.

Ke. Kullum ke. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kiran sunanki ba. 'Yar fari ce, ai da kunya. Haka aka raine ni, haka na yi, har yabona ake yi a garin nan — wance akwai kara, ko kallon 'yarta ba ta yi a gaban mutane. Na ji daɗin yabon nan. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa ƙwarai.

Zuwanki na farko daga Dutse, ido ya kumbura kamar an cusa goriba. Kika ce ƙyauren ɗaki ne. Ƙyaure! Na haifi bakwai, ni za a gaya wa ƙyaure? Ban tambaya ba. Na tura ki wajen gwaggonki ta ji bayani, don kada a ce na ɗaure wa 'yata gindi. Kwana huɗu aka zo biko. Na ƙulla miki kuka da daddawa, na ce a gaida mutan gidan.

Na biyu da cikin Safina.

Na uku… gyaɗar nan duk ta zube, bari in — a'a, bar ta, kaji sa ci.

Na uku ne goshin Misbahu yake da ɗinki. Zare baƙi, guda huɗu, na ƙirga. Aka ce a kan dakali ya faɗi. Da ɗaki ya rage daga ni sai ke, kika sunkuyar da kai kika ce, “Inna, tsakaninmu ya shiga.” Na ji. Wallahi na ji, har cikin hanjina. Sai na juya ina neman murfin kwalla, murfin da yake hannuna. Kika ce malamar asibitin da ta yi ɗinkin ta ja ki gefe, ta tambaye ki ko gidan lafiya, ta ce akwai inda ake kai irin wannan ƙara, ta rubuta miki lamba a takarda. Na ce mu ba ma kai sirrin gida ofis. Bare ta tambaye ki, ni da na haife ki ban tambaya ba.

Me na ce miki ma ranar? Ki yi haƙuri, ki koma saboda yaran nan.

Saboda yaran nan. Ga su nan kuwa. Ɗaya a bayan randa, ɗaya da hannu a sama.

Kuma ni ce zan ce ban sani ba? Ni da nake shigewa ƙarƙashin gadon ƙarfen innata a Garki, ina kallon ƙafafun babanmu suna kai da kawo, ina jin ƙarar kwanuka, ƙura tana shiga mini hanci ina danne atishawa… Har yau in murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke ya faɗi. Shekara hamsin da wani abu. Malam, ubanki, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko sau ɗaya, amma in ya yi gyaran murya da ƙarfi sai na nemi bango. Na san abin nan ba ya fita. Na fi kowa sani. To me ya sa na — ?

Ɗazu bayan azahar ya dawo. Shi angon nawa. Ya zo ya kwantar da kai a cinyata, yana wasa da bakin zanina. Na ɗauka barci yake ji. Sai ya ce, a hankali, da wata murya mai laushi, “Ki yi haƙuri, kin ji? Zan sayo miki tsire. Ai ke ce kike sa ni.”

Wannan ya fi marin. Har lallashin ya haddace, kamar karatun allo.

Ban dake shi ba. Larai ta ce in zane shi don kada ya saba. In dake shi in koya masa duka ba kyau? Na dai riƙe hannun. Ɗan ƙarami, da datti a farce, da ɗumi. Wata rana zai girma. Wata rana 'yar wani za ta zauna a gabansa, ita ma uwarta mai kara…

Bayan la'asar za su zo biko, karo na huɗu. Kawun Abdulƙahar da wani abokinsa, daga Dutse. Malam ya sa an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ce wannan karon zai yi masa faɗa sosai. Wancan karon ma sosai ne. Za su ce ya yi nadama, ya rantse, sharrin Shaiɗan ne, a duba yara. Za a yi fatiha, a shafa. Ba wanda zai kira ni, ba a kiran uwa, balle uwar 'yar fari. Amma zauren nan taku nawa ne daga nan? Goma? In tsaya a bakin ƙofa in ce, Malam, a gafarce ni, yaran nan ba za su koma ba sai an san abin da za a yi. In ce a ɗaga hular yaron a ga goshinsa. In ce har gaban mai gari zan je, har ofishin da malamar ta faɗa. Za a ce tsohuwa ta zubar da girma. To girman me ya tsare? Wa ya tsare?

An yi kiran salla tun ɗazu ashe. Ga ƙarar mota a ƙofar gida.

Ke kuma… me kike yi a ɗaki? Ninke kayan yara kike. Ba wanda ya ce miki ki shirya. Ko kallon inda nake ba ki yi ba, kin riga kin san abin da zan ce. Ni na koya miki.

Ajiye jakar nan. Ajiye. Ba za ki ji ba, a zuci nake faɗa. In na ce “ke”, za ki ɗauka kukar da daddawar zan miƙo miki. Sai dai in kira ki yadda ban taɓa ba.

Ikilima. Sunan yana nan, ni na raɗa wa Malam shi tun kina ciki.

Suna sallama a zaure. Safina ta sake nufar randa.

Harshen nan nauyi, ya Allah… bari in dafa bango in miƙe.